Sansanin Pulaski: Ginin Shekara 18 da Ya Faɗi Cikin Sa'a 30

A cikin wannan maƙala za mu duba tarihin Sansanin Pulaski da ke tsibirin Cockspur, a bakin kogin Savannah ta Jihar Jojiya a Amurka, domin mu ga yadda sabon makami kan rushe dabarar tsaron da aka daɗe ana dogara da ita.

Bayan sojojin Ingila sun ƙone birnin Washington a 1814, gwamnatin Amurka ta ƙudurta kafa jerin sansanoni a gaɓar tekunta. Ta ɗauko Simon Bernard, injiniyan Faransa wanda ya yi aiki a rundunar Napoleon, ya taimaka wajen tsara su. An fara aikin Pulaski a 1829, ba a kammala ba sai a 1847. Da yake tsibirin taɓo ne, sai da aka kafa gumagumai cikin laka, aka shimfiɗa katako a kansu, sannan aka ɗora harsashi. Robert E. Lee, yana matashin hafsa, shi ya tsara magudanan ruwan wurin. Ginin ya ci gasasshen tubali kimanin miliyan 25, kaurin bangonsa ya haura ƙafa 7, ga gwalalo kewaye da shi.

Lissafin maginan shi ne, igwar wancan zamani ba ta iya fasa irin wannan bango daga nisan mil guda, alhali tsibirin Tybee, inda abokan gaba za su iya girka igwa, ya kai wannan nisa. Amma a lokacin yaƙin basasa, ranar 10 ga Afrilu, 1862, sojojin Arewa bisa tsarin Quincy Gillmore suka buɗe wuta daga Tybee da igwa 36. Goma daga ciki sabon samfuri ne mai murɗaɗɗen tsagi a cikin bututu, wanda ke juya harsashi ya ƙara masa nisa da ƙarfin huda. Cikin sa'a 30 kusurwar kudu maso gabas ta tsage, harsasai suka soma isa kusa da rumbun albarushi. Kanar Charles Olmstead ya miƙa wuya washegari.

Abin lura a nan shi ne, ba a sami aibi a ginin ba. Abin da ya tsufa shi ne zaton da aka ɗora shi a kai. Daga nan injiniyoyi suka karkata ga shingen ƙasa da yashi, wanda ke shanye harsashi maimakon ya farfashe.