Taswirar Ƙananan Kwalejoji Masu Ƙwallon Ƙafar Amurka: Nazarin Wuri, Tazara da Ɗorewa Domin Ɗalibai Masu Neman Gurbi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ya kamata a zayyana taswirar ƙananan kwalejojin Amurka masu ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Amurka, domin amfanin ɗaliban da suka kammala sakandare suke neman inda za su haɗa karatu da wasa. An bi diddigin hukumomin da ke tsara gasa, da rumbunan bayanan gwamnatin tarayya, da sauye-sauyen da suka auku tsakanin 2018 da 2024. Nazarin ya nuna cewa taswirar da ta tsaya ga ba kowace kwaleji ɗigo ɗaya tana ɓoye wa ɗalibi abubuwa uku da suka fi shafar rayuwarsa, wato nisan tafiye-tafiyen gasa, da ainihin kuɗin da zai biya, da yiwuwar ƙungiyar ta ɗore har ya kammala.

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon ƙafar Amurka wasa ne na 'yan wasa goma sha ɗaya a kowane ɓangare, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ko a jefa, don haka ya fi kama da zari-ruga. Sama da matasa miliyan ɗaya ne ke buga shi a makarantun sakandaren ƙasar, amma waɗanda ke ci gaba da bugawa a manyan makarantu ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma mafi yawansu ba sa shiga shahararrun jami'o'in da ake nunawa a talabijin. Ƙananan kwalejoji ne ke ɗaukarsu, galibi a garuruwan da ɗalibi bai taɓa jin sunansu ba, kuma daga nan ne buƙatar taswira ta taso.

Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906 take da hedikwata a Indianapolis, ta raba mambobinta zuwa rukuni uku a 1973. Rukuni na Biyu yana da ƙungiyoyin wannan wasa kimanin 160, kuma ana barin kowace ta raba abin da bai wuce daidai da cikakken tallafin karatu 36 ba a tsakanin 'yan wasanta. Rukuni na Uku, mai ƙungiyoyi kimanin 240, ya haramta bayar da tallafi saboda wasa kwata-kwata. A gefe guda akwai hukumar NAIA da ke Kansas City, mai ƙungiyoyi kusan 100 da iyakar tallafi 24, sai kwalejoji masu karatun shekara biyu da ke ƙarƙashin NJCAA, ban da na jihar Kalifoniya da ke da tasu hukumar daban. Waɗannan ne maƙalar take nufi da ƙananan kwalejoji.

2.0 Hanyoyin Bincike

Tubalin farko shi ne rumbun IPEDS na Cibiyar Ƙididdigar Ilimi ta Ƙasa, wanda yake ba kowace makaranta lambar shaida tata ta kanta, ya kuma ajiye latitud da longitud ɗinta, wato lambobi biyun da ke tsayar da wuri a doron ƙasa, tare da sanya ta cikin ɗayan azuzuwan matsuguni huɗu: birni, kewayen birni, gari ko karkara. Na biyu shi ne rahoton shekara-shekara da dokar bayyana daidaito a wasanni ta 1994 ta wajabta wa makarantun maza da mata masu karɓar tallafin tarayya, inda ake samun yawan 'yan wasan kowace ƙungiya da abin da aka kashe mata. Na uku shi ne College Scorecard, shafin Ma'aikatar Ilimi da ke nuna matsakaicin kuɗin da ɗalibi ke biya da kason waɗanda ke kammalawa.

Haɗa waɗannan rumbuna da jerin sunayen hukumomin gasa dole ne ya bi ta lambar shaida, domin dogaro da suna kaɗai yana jefa mai taswira cikin kuskure. Akwai Augustana a Rock Island ta jihar Illinois da ke Rukuni na Uku, akwai wata a Sioux Falls ta South Dakota da ke Rukuni na Biyu. Sunan Northwestern yana kan babbar jami'ar Evanston, yana kan kwalejin NAIA a Orange City ta Iowa, yana kuma kan wata ta Rukuni na Uku a Minnesota, sa'annan Indiana University of Pennsylvania tana garin Indiana ne cikin jihar Pennsylvania. Manhajar da ke fassara suna zuwa wuri tana iya kai ɗigo ɗaruruwan kilomita nesa da inda ya dace ba tare da ta nuna alamar shakka ba.

Haka nan tsarin shimfiɗa, wato dabarar mayar da dunƙulalliyar duniya shimfiɗaɗɗen shafi, yana da tasiri. Tsarin Mercator da taswirorin intanet ke amfani da shi yana kumbura yankunan arewa, ta yadda tazara a Montana take fitowa da girman da ya wuce tazara daidai da ita a Teksas, shi ya sa tsarin Albers mai kiyaye girman fili ya fi dacewa da kwatanta jihohi. Ita kuwa tazarar kanta a kan hanyar mota ya kamata a auna ta, tun da a bas ƙananan ƙungiyoyi suka fi tafiya.

3.0 Sakamako

3.1 Rarrabuwar ƙungiyoyi

Ƙungiyoyin Rukuni na Uku sun yi cincirindo a arewa maso gabas da tsakiyar arewacin ƙasar, musamman Pennsylvania da New York da Massachusetts da Ohio da Illinois da Wisconsin da Minnesota. Asalin wannan yana cikin ƙarni na 19, lokacin da ɗarikun Kirista irin su Methodist da Lutheran da Presbyterian da Katolika suka riƙa kafa kwalejoji a ƙananan garuruwa domin horar da malamai da limaman coci, kowace ɗarika tana son tata. Yammacin ƙasar kuwa, inda jama'a ba su da yawa kuma baƙi suka zauna daga baya, ya fi dogara ga manyan jami'o'in jihohi, waɗanda dokar Morrill ta 1862 ta taimaka wajen kafa da dama daga cikinsu. Saboda haka a gaɓar tekun Fasifik, Rukuni na Uku ya taƙaita ga dunƙule biyu, ɗaya a kudancin Kalifoniya, ɗaya a Oregon da Washington. NAIA ce ta cike giɓin filayen tsakiya a Kansas da Nebraska da Iowa da Dakota biyu, har zuwa Montana, inda kwalejin Carroll ta Helena ta ci kofin hukumar sau shida tsakanin 2002 da 2010. A kudu maso gabas, kwalejojin da aka kafa tun asali domin baƙaƙen fata suna da nasu ƙawance biyu a Rukuni na Biyu, CIAA da SIAC.

3.2 Ƙawancen gasa da nisan tafiya

Ƙawancen gasa shi ne gungun makarantun da suka amince su riƙa karawa da juna kowace kaka, kuma shi ne yake tsara inda ɗalibi zai kwana a ƙarshen mako daga Satumba zuwa Nuwamba. Ɗan wasan Mount Union da ke Alliance, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Rukuni na Uku sau 13, yana cikin ƙawancen da dukkan mambobinsa suke cikin jihar Ohio, don haka yawancin tafiyarsa ta 'yan sa'o'i ce. Haka abin yake ga jami'o'in gwamnatin Wisconsin takwas da ke karawa da juna, cikinsu har da Whitewater mai kofi shida.

Lamarin ya sha bamban a arewa maso yamma. Bayan Humboldt State ta soke wasan a ƙarshen kakar 2018, Azusa Pacific ta bi sahu a 2020, ƙawancensu na GNAC ya rasa isassun ƙungiyoyi, sai Central Washington da Western Oregon da Simon Fraser ta Kanada suka koma buga wasa a ƙawancen Lone Star daga 2022, wanda yawancin mambobinsa suke Teksas da New Mexico. Daga Ellensburg, garin Central Washington, zuwa Kingsville ta Teksas ya haura kilomita 3,000 ta mota, tafiyar da ke buƙatar jirgin sama, ta cinye kasafin makaranta da darussan ɗalibi. A Afrilun 2023 Simon Fraser ta soke wasan baki ɗaya. A taswirar ɗigo, Alliance da Ellensburg alama iri ɗaya ce, alhali rayuwar ɗalibi a cikinsu ba ta da kama.

3.3 Ɗorewa

Ƙungiyar wannan wasa takan ƙunshi 'yan wasa sama da 100, kuma a kwalejin da ɗalibanta ba su wuce 1,000 ko 1,500 ba, wannan babban kaso ne na masu biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa wasu kwalejoji masu rauni suke ƙirƙirar ƙungiya ko su faɗaɗa ta domin cike gurabe, ta yadda kasancewar ƙungiya ba ta zama shaidar ƙoshin lafiyar makaranta ba. MacMurray ta Illinois ta rufe a 2020. Finlandia ta Michigan da Iowa Wesleyan da Presentation ta South Dakota da Alderson Broaddus ta West Virginia duk sun rufe a 2023. Birmingham-Southern ta Alabama da Notre Dame College ta Ohio suka bi su a 2024, kuma kowace tana da ƙungiyar ƙwallo. Wasu makarantun sun ci gaba da karatu amma sun ajiye wasan, kamar Occidental a 2020 da kwalejojin gundumar Maricopa ta Arizona bayan kakar 2018. Wasu kuma rukuni suka sauya, kamar St. Thomas ta Minnesota da ta tsallaka daga na Uku zuwa na Ɗaya a 2021.

Masanin tattalin arziki Nathan Grawe ya yi hasashe a 2018 cewa raguwar haihuwa da ta biyo bayan 2007 za ta rage masu shiga kwaleji daga wajajen 2026, kuma arewa maso gabas da tsakiyar arewa suna cikin yankunan da abin zai fi shafa. Waɗannan su ne yankunan da ɗigogi suka fi cunkushewa, ma'ana wurin da taswira ta fi nuna yalwar zaɓi shi ne wurin da zaɓin ya fi fuskantar zaizayewa.

4.0 Tattaunawa

Abin da sakamakon ya nuna shi ne taswira mai amfani tana buƙatar falle huɗu da ake ɗora su bisa juna. Falle na farko ya nuna wuri da rukuni da nau'in matsuguni. Na biyu ya ja layuka daga kowace makaranta zuwa abokan ƙawancenta, da matsakaicin sa'o'in tafiya, tare da nisanta daga filin jirgi mafi kusa, abin da ya fi damun ɗalibin da ya fito daga wata jiha ko wata ƙasa. Na uku ya nuna kuɗin da ya rage bayan an cire duk wani tallafi, domin kwalejin Rukuni na Uku mai wadataccen asusu tana iya ba ɗalibi mabuƙaci rangwamen da ya zarce guntun tallafin wasa na Rukuni na Biyu, wanda ake gutsuttsurawa tsakanin mutane da yawa. Ɗalibin ƙasar waje yana buƙatar kulawa ta musamman a nan, tun da ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, kuma alƙaluman College Scorecard an gina su ne a kan waɗanda ke samu. Falle na huɗu ya nuna yadda yawan ɗalibai ya hau ko ya sauka cikin shekaru biyar zuwa goma, da kason masu kammalawa.

Nuna tarihin nasarorin ƙungiya yana da wurinsa, amma bai kamata ya mamaye taswira ba. Ƙungiyoyin gasar ƙwararru ta NFL ba sa zaɓar fiye da 'yan wasa kusan 260 a shekara, kuma irin Ali Marpet na kwalejin Hobart, wanda ƙungiyar Tampa Bay ta zaɓa a zagaye na biyu a 2015, ɗaiɗaiku ne. Ga mafi yawan ɗalibai, digirin shi ne abin da zai rage bayan kaka huɗu.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa wurin da kwaleji take kashi ɗaya ne kawai na abin da ɗalibi ke buƙatar sani, kuma tazarar ƙawance da ragowar kuɗi da yanayin yawan ɗalibai sun fi shi nauyi a wajen yanke shawara. Ana ba da shawarar a riƙa sabunta irin wannan taswira sau ɗaya a shekara bayan 1 ga Yuli, lokacin da yawancin sauye-sauyen ƙawance ke fara aiki, a rubuta ranar sabuntawa a fili, a kuma bar alamar ƙungiyoyin da aka soke tare da shekarar sokewa maimakon a goge su. Bincike na gaba zai iya auna dangantakar sa'o'in tafiya da kason 'yan wasan da ke kammala karatu a kowane ƙawance.