Daga Kaset Zuwa Ƙaramar Kwamfuta

'Yan uwa, a 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kuma a kaset ɗin bidiyo finafinan Hausa suka riƙa iso mana nan kudu. Daga baya faifan CD ya ture kaset, shi kuma ga saurin karcewa. Yau wasunmu ƙaramar kwamfuta suke jona wa talabijin da wayar HDMI, ta ɗauki ɗaruruwan finafinai. Manhajar da aka fi sa mata ta faro ne a na'urar wasa ta Xbox, sai a 2014 aka raɗa mata suna Kodi.

Amma kaset-kaset ɗinmu na biki da na Sallah ba sa shiga ciki sai an kwafe su. Danshi na cin su, na'urar kunna su kuma sai an tona.