Koyon harshen waje ta wayar salula: manhajojin da ke akwai da abin da kowace ta iya

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, Ingilishi ya ƙara daraja a idon masu neman aiki a Nijar. Dama can ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayo kaya a Kano, Dubai ko Guangzhou yana bukatarsa, haka ma ɗalibin da ya ci bak yana neman gurbin karatu a Indiya ko Turkiyya. Kuɗin malami na musamman ba kowa ke da shi ba. Waya kuwa tana aljihun kusan kowa.

Manhajar da ta fi suna ita ce Duolingo, wadda Luis von Ahn, ɗan asalin ƙasar Gwatamala, ya ƙirƙira tare da Severin Hacker, aka buɗe ta ga jama'a a 2012. Kyauta ce, sai dai da tallace-tallace. Darussanta gajeru ne, minti biyar zuwa goma, kuma an gina su kamar wasa: a fassara jimla, a saurari kalma a rubuta ta, a tara maki. Matsalarta ga mai karatu a nan ita ce ba ta koyarwa da Hausa. Dole mutum ya bi ta wani harshen da ya riga ya iya karantawa. Wanda ya yi lakwal zai koyi Ingilishi ta Faransanci; wanda ya fito makarantar Faransanci da Larabci yana iya zaɓen Larabci, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tana da kyau wajen tara kalmomi da saba wa kai karatu kullum, amma ba ta kai mutum ga hira. Ana iya shekara guda ana cin maki, ranar da baƙo ya yi tambaya baki ya ƙi buɗewa.

Don haka sauraro ya zama dole. BBC Learning English na da shirin 6 Minute English, hira ta minti shida tare da rubutunta. Mai son gyara Faransancinsa yana da darussan TV5Monde, waɗanda aka jera bisa matakan da Turai ke amfani da su, daga A1 na mai farawa zuwa sama. A YouTube ana iya rage saurin magana zuwa 0,75, a kunna rubutun ƙasan hoto. Dabarar da ta fi aiki ita ce a saurari jimla, a tsayar, a maimaita da ƙarfi, a naɗi muryar kai a kwatanta. A nan ne Bahaushe ke jin inda harshensa ke zamewa, musamman tsakanin "p" da "f", domin Hausa ba ta raba su.

Sai hira da mutum. Tandem da HelloTalk suna haɗa masu koyo biyu su yi musaya: kowa ya koya wa ɗan'uwansa harshen da ya iya. Masu neman Hausa ba su da yawa, amma masu neman Faransanci suna da yawa, kuma wannan jari ne a hannun ɗan Nijar. Akwai hattara: duk abokin hirar da ya soma maganar kuɗi, biza, ko ya nemi lambar sirrin da aka turo ta SMS, a toshe shi nan take. Wanda bai son hulɗa da baƙi yana iya haɗa abokai huɗu ko biyar a WhatsApp, a yi doka cewa saƙon murya kawai, kuma da Ingilishi kawai.

Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013. Ƙamus ne mai sauri, ba malami ba. Karin magana da habaici suna rikita shi. ChatGPT da ire-irensa suna iya yin hira su gyara kuskure su bayyana dalili, kodayake bayaninsu ya fi inganci da Faransanci fiye da Hausa.

Batun kuɗin intanet shi ke yanke hukunci a ƙarshe. Bidiyo na cinye megabait, murya da rubutu ba su ci sosai. Ana iya rage ingancin hoton YouTube zuwa 240p, a sauke shirye-shirye inda ake da wifi, a sauke Faransanci da Ingilishi cikin Google Translate don aiki ba tare da layi ba. AnkiDroid, manhajar katunan hadda da ke dawo da kalma daidai lokacin da za a manta ta, kyauta ce a Android, kuma tana aiki ko da layin Airtel, Moov ko Zamani ya ɗauke.

Makin manhaja dai ba takardar shaida ba ne. Jami'o'in waje suna neman sakamakon jarrabawa kamar TOEFL ko IELTS na Ingilishi, DELF ko TCF na Faransanci. Akwai kuma Duolingo English Test da ake yi a gida ta kwamfuta mai kyamara, da kuɗi, amma kafin a biya sai a tambayi jami'ar ko tana karɓarsa.