Daga jan tumatirin Kadawa zuwa jan ruwan gishiri

Idan kun taɓa bin hanyar Kura zuwa Bunkure da rani, kun ga tumatirin Kadawa a shanye jawur. Wannan jan yana da dangi a tafkunan gishiri. A 1838 wani masani Bafaranshe, Dunal, ya bayyana ƙananan halittun da ke rina ruwan gishiri ja a kudancin Faransa. Jikinsu cike yake da sinadarin bita-karotin.

An daɗe ana sa ran sinadarin zai hana sankara. Sai a 1994 gwaji kan mashaya taba fiye da 29,000 a Finland ya nuna masu shan ƙwayarsa sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Mu masu harhaɗa magani ba mu manta ba.

A 2023 masana a Jami'ar Alicante ta Sifaniya sun ga wani jan, daga halittun gishirin Santa Pola, yana kashe ƙwayoyin sankarar mama, amma a ɗakin gwaji. Ba a kai ga jikin mace ba. In wani ya kawo muku jar kanwa da wannan labari, kada majinyaciyarku ta fasa zuwa asibiti ranar allurarta.