Jiragen Yaƙin da Suka Biyo Hanyar Alhazai Zuwa Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Maje Karofi, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, bisa jagorancin hafsa Arthur Coningham. Tafarkin da suka ratso kuwa, wato Kartum, Fashir, Abeshe, Fort Lamy da Maiduguri, shi ne wanda maniyyatan Mafara da Bakura da Maradun, da na sauran ƙasar Hausa, suka saba bi a ƙafa ko bisa jakuna, wani ya shekara da shekaru yana tafe yana ƙodago, wani ma ajali ya riske shi tun bai ga Bahar Maliya ba.

Samfurin jirgin shi ne DH.9A, ƙirar 1918. Fukafukansa hawa biyu ne, ƙashin jikinsa katako, an lulluɓe galibinsa da yadi, injinsa Liberty na Amurka mai ƙarfin doki 400, gudunsa misalin mil 120 cikin sa'a. Mutum biyu yake ɗauka, kowa kansa a waje iska na dukansa: matuƙi a gaba da bindigar Vickers kafaffiya, ɗan leƙen asiri a baya da bindigar Lewis mai juyawa, yana duban ƙasa yana ɗaukar hoto; a ƙarƙashinsa kuma akan rataya boma-bomai da nauyinsu ya kai kilo 300. Saboda tsananin zafin hamada aka ƙara masa lagireto, har akan ɗaure ƙafar safiya a jikinsa, domin inda ƙaddara ta sauke shi babu makaniki.

Wanda duk ya ɗauki wannan ziyara abin kallo kawai, lalle bai yi wa al'amarin cikakken nazari ba. Irin wannan jirgi ne Ingila ta riƙe Iraƙi da shi a wancan zamani, inda akan yi wa ƙauyen da ya ƙi biyan haraji gargaɗi, in ya dage a yi masa ruwan wuta, alhali kuwa a Arewa hankalin Nasara bai kwanta da Mahadiyya ba, tun da a 1923 suka kama jagoranta Malam Sa'idu ɗan Hayatu suka kai shi zaman gudun hijira Buea. A ganina nuna ƙarfi na cikin maƙasudin tafiyar, ko da ba a jefa kome ba.

Ingila ta daina aiki da wannan jirgi a 1931, bayan Rasha ta kwaikwayi ƙirarsa da sunan R-1. Amma fa'idar tafiyar ta bayyana daga 1940, sa'ad da aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi, ana ratsawa da dubbansu ta Kano zuwa fagen fama a Masar.