Tarihin Adana Riga Mai Aiki a Ƙasarmu

'Yan'uwa mutanen Korahane na gida da na cin rani, da wuya a sami gidan dattijo a ƙasar Dakoro da ba a ajiye wata tsohuwar babbar riga a ƙasan adaka ba. Wasu rigunan sun girmi masu su. Ya kamata mu san yadda kakanninmu suka yi har suka kai mana su da kyansu, domin a hannunmu ne suke lalacewa.

Tun a ƙarni na 19 manyan riguna daga kudu suke zuwa mana, daga Kano da Zariya da Bida ta ƙasar Nufe. A shekarar 1851 Bature Heinrich Barth ya sauka Kano, ya rubuta cewa tufafinta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Malamai ke zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, masu ɗinki su bi zanen da allura, wata da watanni kafin a gama. Zaren kuwa iri biyu ne masu daraja. Akwai tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa, a dafa ta da toka kafin a kaɗa. Akwai kuma alharini, jan siliki da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Saboda haka riga dukiya ce kamar saniya: sarki ya yi kyauta da ita, ɗa ya gada, mai bashi ya jinginar.

Abin da ya kai wannan daraja ba a wasa da shi wajen wanki. Mutanen da sun san ruwa shi ne babban abokin gabar aiki. Jan zare yana zuba ya ɓata farin ƙyalle, murza kuwa tana tsinka zaren. Don haka ba a sa rigar sai ran salla ko buki, kuma da 'yar ciki a ƙarƙashi don ta sha zufa. In an tuɓe sai a kakkaɓe, a shanya a inuwa, a ninke aikin ya koma ciki. In wanki ya zama tilas, sai a yi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a matsa a hankali, ba a cuɗa wurin aska.

Bayan wanki sai bugu. Tun kafin dutsen guga ya zo, masu bugu ke shimfiɗa riga bisa gungumen itace, su yayyafa ruwa, su yi ta dukanta da mabugi har ta kwanta ta yi sheƙi. Har yau ana wannan sana'a a Kano, kusa da marinar Ƙofar Mata. Turkuɗi na Kura, wanda maƙwabtanmu Buzaye ke naɗawa, shi ba a kai shi ruwa, domin garin shuni ne aka buga masa a jiki. In an wanke, sheƙin ya tafi ke nan.

Dattawanmu sun ga ranar wannan tattali. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, sa'ad da dabbobi suka mutu kuma rumbuna suka ƙare, akwai gidajen da suka fitar da tufafi da kayan ɗaki kasuwa don su sayi hatsi. Rigar da aka adana ta yi kuɗi, wadda asu ya ci kuwa ba mai tayawa.

Yanzu zamani ya juya. Keken ɗinki ya sa aiki ya yi araha, shadda ta maye gurbin saƙi, garin sabulu da ruwan jabel sun shiga ƙauye. Yaro ya ɗauki rigar kakansa ya jiƙa ta kwana, ya bi ta da buroshi, ya shanya tsakar rana, ya ɗora mata dutse mai zafi. Aikin da ya yi shekara hamsin lafiya sai ya mutu a yini guda.

Don haka muna roƙon kowa, musamman ku da ke Maraɗi da Yamai da Kano da Abijan kuna aiko da riguna gida: a raba mai aikin hannu da sauran wanki. In za a goge, a juya ta baya, a ɗora wani ƙyalle bisa. Kada a ajiye ta da danshi ko cikin leda. A ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara, a riƙa fitar da kaya su sha iska in damina ta wuce. Dattawa kuma su faɗa wa 'ya'ya inda kowace riga ta fito da wanda ya fara sa ta, tun suna da rai.