Daura da Akwatin Zaɓe: Waiwaye a Kan Ribar Mulkin Dimokuraɗiyya

 

Ya 'yan'uwa 'yan asalin ƙasar Daura mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Ikko da sauran birane, duk shekara idan kuka zo gida hawan Salla muka zauna hira a zaure bayan sallar lisha, da wuya a tashi ba a taɓo maganar siyasa ba. Wasunku su ce mulkin farar hula ya yi wa Daura rana, su shiga lissafa gine-gine. Wasu kuma su ce babu abin da talaka ya tsinta a ciki sai tsadar masara, har ma a sami yaron da bai taɓa ganin dokar soja ba yana fatan soja su dawo. Mu da muka jefa ƙuri'armu ta farko a 1979, muka kuma ga juyin mulki iri-iri da idonmu, mun ga ya kamata mu ɗan waiwaya, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Ƙasar Daura ba baƙuwar mulki ba ce. Tun zamanin Magajiya Daurama da rijiyar Kusugu akwai sarauta da tsari, akwai Galadima da Kaura da sauran masu faɗa a ji. Jihadi ya zo a farkon ƙarni na 19, Malam Ishaku ya karɓi gari, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 lokacin da Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon kakanninsa. A duk waɗannan sauye-sauye akwai abu guda da bai sauya ba, wato ba a tambayar talaka wanda yake so. Takobi ke yanke hukunci, ko masu zaɓen sarki, ko Razdan. A ƙarƙashin En'e kuwa, haraji da jangali da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk a hannu ɗaya suke. Ba mu faɗi haka don rage darajar iyayenmu sarakuna ba. Sarki Abdurrahman, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1911 zuwa 1966, har gobe ana ambatonsa da alheri. Amma tsarin kansa bai bar wa talaka ƙofar da zai kai ƙarar mai mulki ba, sai dai ya kai ƙara wurin Allah.

Matasanmu na birni ba su san haraji ba sai a littafi, saboda haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Da zarar an yi girbi, hakimi zai sauke wa dagaci adadin da aka yanka wa ƙasarsa, dagaci ya sauke wa mai unguwa, mai unguwa ya bi gida-gida yana ƙirga duk namijin da ya balaga. Ba ruwan takardar haraji da ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gero. Magidanci zai kwashi damman da ya tanada don bazara ya kai kasuwa lokacin da hatsi ba ya daraja, ko ya sayar da akuyar matarsa. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, gaban 'ya'yansa. Samari da yawa da suka fara tafiya cin rani Kano da Kudu, neman kuɗin haraji ne ya fitar da su, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla jikokinsu ne. Fulani kuwa, idan lokacin ƙirgar jangali ya ƙarato, sai su kora shanu su tsallaka ƙasar Faransa.

Siyasar jam'iyyu ta shigo Arewa a farkon shekarun 1950. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, NPC kuma ta zama jam'iyya a 1951. Masu fartanya suka tsaya tare da sarauta, masu tauraro suka ɗaga murya a kan zaluncin En'e, kuma da yawansu a faɗin Arewa sun sha bulala da ɗauri saboda haka. Daura ta sami wakilci mai ƙarfi a wancan zamani, domin Alhaji Muhammadu Bashar, yana Wamban Daura, ya zama ɗan majalisa kuma minista a gwamnatin Sardauna, kafin ya hau gadon sarauta a 1966. Sai dai dimokuraɗiyyar wancan lokaci mai ƙafa ɗaya ce. Ko a zaɓen 1959 da ya kai mu ga samun 'yancin kai, iyayenmu mata ba su jefa ƙuri'a ba, alhali takwarorinsu na Kudu sun jefa. Ƙasar da ke alfahari da sarautar mata a tarihinta, sai da aka kai rabin shekarun 1970 kafin a yarda mace ta zaɓi ko da kansila.

Adalci ya sa mu ambaci abin da soja suka yi. A hannunsu aka karɓe 'yan doka da kotuna daga En'e, aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a wannan shekara, wanda shi ya cika kwalejojin horon malamai da irinmu. Jihar Katsina ma Janar Babangida ne ya ƙirƙire ta ranar 23 ga Satumba 1987. Amma duk kyauta ce daga sama. Wanda ya ba ka yau ba tare da ya tambaye ka ba, gobe yana iya karɓewa ba tare da ya tambaye ka ba.

Shekarar 1979 ce ta fara nuna mana abin da ƙuri'a ke iya yi. Muna cikin Jihar Kaduna a lokacin. Masu gida da masara, wato NPN, suka sami rinjaye a majalisar dokoki, amma kujerar gwamna ta faɗa hannun Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP mai mabuɗi. Yana hawa ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano. Abin da aka shafe fiye da shekara 70 ana karɓa, rana ɗaya ya zama tarihi, saboda talakawa sun jefa takarda a akwati. Masana na iya gardama cewa soke harajin ya raunana asusun ƙananan hukumomi, ya kuma sa jama'a suka daina bin kadin kuɗin gwamnati tun da ba daga aljihunsu ya fito ba, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. To amma a tambayi dattijon da aka taɓa shanyawa a rana. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, daga bisani ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Nijeriya. Mun ji zafi ƙwarai a lokacin. Da girma ya zo, sai muka lura cewa an cire gwamna mai ci ba a harba harsashi ko ɗaya ba, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya karɓa, makarantu suka buɗe washegari kamar kullum.

Daura ta sami damar auna mulkin bindiga da na ƙuri'a, domin ɗanta guda ya yi duka biyun. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau mulki ta juyin 31 ga Disamba 1983. Ya yi wata 20, abokan aikinsa suka kifar da shi ranar 27 ga Agusta 1985, ya shafe fiye da shekara 3 a tsare a Benin, ba kotu ba shari'a. Mutumin nan dai shi ne ya dawo ya nemi ƙuri'a a 2003 da 2007 da 2011, ya faɗi, kuma kowane karo ya bi kotu har zuwa Kotun Ƙoli. A zaɓen 28 ga Maris 2015 ya sami ƙuri'a sama da miliyan 15, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga masa waya ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a ƙasar nan. Ya yi shekara 8, ranar 29 ga Mayu 2023 ya miƙa mulki da hannunsa, ya dawo gida wurin gonarsa da shanunsa. Allah Ya yi masa rasuwa a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa a nan Daura. Allah Ya jiƙansa. Mutum ɗaya, hali ɗaya, amma dubi yadda ƙarshen mulkin biyu ya bambanta.

Akwai wani abin lura da ya fi wannan kusa da tukunyar talaka. Sau biyu ya rufe iyaka, a 1984 da kuma Agustan 2019. Sau biyu aka canja kuɗi a zamaninsa, a 1984 da kuma ƙarshen 2022. Mu da ke bakin iyaka mun ɗanɗana duka. Mutanen Kongolam da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, waɗanda gonakinsu da surukansu ke tsallaken iyaka, sun san yadda kasuwa ke mutuwa idan aka ja ƙarfe. A 1984, shekarar fari, babu wanda ya isa ya yi magana. Doka ta 4 ta tura 'yan jarida biyu na jaridar Guardian gidan yari, Doka ta 2 kuma ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a. A 2023 kuwa, da takardun Naira suka ɓace mutane suka kwana a layin banki, gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa, su suka kai gwamnatinsa Kotun Ƙoli, kuma ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Wahala an sha ta duka biyun. A karo na biyu ne kawai aka sami inda za a kai kuka, aka kuma ji.

Game da gine-ginen da kuke lissafawa, ba mu raina su ba. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da asibitin sojojin sama wanda aka buɗe a 2019, aka kuma aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya biyo ta ƙasarmu. Sai dai mu yi hattara da kiran wannan romon dimokuraɗiyya. Rabo ne na garin da ya haifi shugaba, kuma shugaban soja ma yana yi wa garinsu haka. A cikin waɗannan shekarun ne kuma aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa a watan Mayun 2019, aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ƙauyukan kudanci da yammacin jiharmu suka zama kufai. Jama'a ba su manta ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 Jihar Katsina, jihar shugaba mai barin gado, ta ba ɗan takarar PDP rinjaye da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, sannan bayan mako 3 ta juya ta zaɓi Malam Dikko Umaru Raɗɗa na APC gwamna. Manomin da muke cewa jahili ne ya nuna ya iya rarrabe akwati da akwati.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa, wurin da ya fi kusa da mu. Masarautarmu ƙananan hukumomi 5 ce: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. A kansu nauyin firamare da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse yake. Amma zaɓensu hukumar jiha ke shiryawa, kuma a zamanin PDP da na APC duka, jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujeru. Kuɗinsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A 2015 an rushe zaɓaɓɓun shugabanninsu, sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, bayan wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. Ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta sake yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda da shugabannin riƙo ba. Mun shugabanci makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufin aji ya yaye tun farkon damina, muka rubuta takarda bayan takarda ba amsa, domin wanda muke rubuta wa ya san ba ƙuri'ar iyayen yaran ce ta ɗora shi ba.

A nan ne ku mazauna birni kuke da bashi a wuyanku. Cikinku akwai akantoci da lauyoyi da injiniyoyi, waɗanda suka san yadda ake karanta kasafin kuɗi. Abin da asusun tarayya ke raba wa kowace ƙaramar hukuma ana buga shi wata-wata, kuma tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma. Kakanninmu da suka biya haraji ba su taɓa samun damar tambayar inda kuɗinsu ya tafi ba. Muna roƙon kowane reshe na wannan ƙungiya ya ɗauki ƙaramar hukuma guda, ya tattara abin da ta karɓa cikin shekara, ya zagaya makarantu da ɗakunan shan maganinta, ya kawo mana rahoto a taron bayan Babbar Salla, a karanta a gaban shugaban ƙaramar hukumar da kansilolinsa.